Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Labarin Tsoho Ibrahim Na Ƙasar Kyuba Da Zagayensa Na Duniya

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Dambatta, ko wadda ta ratsa Bichi zuwa Tsanyawa, ya san yadda ƙauyukanmu suke komawa da zarar an gama ɗaure gero da dawa an zuba a rumbu. Gona tana manne da gona, babu saura babu daji, amma samarin da suka nome su duk sun watse cin rani. Wasu suna ga-ruwa, wasu suna dako a kasuwa, wasu kuma sun rataya ɗan akwatin katako suna ƙwanƙwasa shi a titunan Kano da Abuja da Legas, wato suna shushaina. Tsofaffi ne kaɗai suke ragewa a gindin ɗorawa da rediyonsu.

To, jama'a masu karatu, labarinmu na wannan mako na wani ɗan shushaina ne, sai dai shi ba saurayi ba ne, kuma ba a ƙasarmu yake ba. Dattijo ne mai shekara 69, mazaunin birnin Habana na ƙasar Kyuba, kuma sunansa Ibrahim, kamar na ɗan maƙwabcinka. Cikakken sunan shi ne Ibrahim Ferrer. A farkon shekarar 1996 yana goge takalman mutane domin ya cika ɗan fanshon da ba ya isarsa cefane. Bayan shekara biyu sai ga shi yana waƙa a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan kiɗa na Amurka, jama'a sun miƙe tsaye suna tafa masa. Daga nan har ranar da ya bar duniya a 2005 bai daina yawon ƙasashe ba. Mun kawo labarinsa ne domin akwai abin da ya shafe mu a ciki, musamman game da tsofaffin makaɗa da mawaƙan da suke zaune a ƙauyukanmu babu mai waiwayarsu.

Ina Ne Kyuba, Kuma Wane Irin Kiɗa Suke Yi?

Kyuba tsibiri ne a tekun Karebiyan, kimanin mil 90 kudu da gaɓar Amurka. Turawan Sifen ne suka mallake ta har zuwa 1898, shi ya sa mutanenta suke magana da Sifaniyanci. A da, arzikinta rake ne da taba, kuma domin noman raken nan ne aka kwashi ɗaruruwan dubban bayi daga Afirka aka kai can. Akwai Yarbawa a cikinsu, akwai mutanen yankin Kalaba, akwai na Kwango. Ba a soke bauta a tsibirin ba sai a 1886. Mutanen nan sun tafi babu kaya a hannu, amma sun tafi da gangunansu a ka, wato sun riƙe yadda ake yin su da yadda ake kaɗa su.

Daga haɗuwar gangar Afirka da gitar mutanen Sifen ne aka sami kiɗan da suke kira son, wanda ya taso a gabashin tsibirin, wajen garin Santiyago. Wanda ya saurare shi zai ji abubuwan da kunnensa ya sani. Akwai 'yan tagwayen ganguna da ake matsewa a tsakanin gwiwoyi, akwai caki irin namu, akwai wasu 'yan sanduna biyu da ake gwarawa domin riƙe tafiyar kiɗan. Abu mafi muhimmanci kuma, akwai jagora da 'yan amshi. Idan waƙa ta yi nisa sai 'yan amshi su kama layi ɗaya suna maimaitawa, shi kuwa jagora ya shiga ƙaga baitoci nan take, yana yabo, yana zambo, yana ambaton abin da ya gani a filin. Duk wanda ya taɓa jin yadda marigayi Mamman Shata yake yi da 'yan kalangunsa ya riga ya gane abin da ake nufi. Suna da wani nau'in kuma mai suna bolero, wanda shi a hankali ake rera shi, waƙar bege ce da ƙauna.

Kiɗan nan bai tsaya a Kyuba ba. A 1930 aka ɗauki wata waƙa a birnin New York mai suna El Manisero, ma'ana mai tallar gyaɗa, gama kiran mai tallar gyaɗa a titi ne aka mayar waƙa. Ta bazu a duniya ƙwarai. Daga 1933 wani kamfanin faifai na Ingila ya fara buga waƙoƙin Kyuba a faifan garmaho masu lambar GV musamman domin kasuwar Afirka, kuma wannan waƙa tana cikin na farko. Abin sha'awa, a daidai shekarun nan ne kakanninmu na ƙasar Kano suke noma gyaɗar da ake tara dala da ita, tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Faya-fayan nan sun shiga Dakar da Bamako da Akara da Legas da Kinshasa, mutane suka ji kamar ɗan'uwansu ne da ya daɗe a tafiya ya komo gida. Abin da muke kira kiɗan Kwango, irin na su Franco da Tabu Ley, daga nan ya ɗauki da yawa daga cikin salonsa.

Maraya Tun Yana Ɗan Shekara 12

An haifi Ibrahim Ferrer ranar 20 ga Fabrairu, 1927, a wani gari mai suna San Luis kusa da Santiyago. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 12, sai ya shiga titi yana talla yana waƙa domin ya sami abin sawa a baki. Abin da ta bar masa shi ne wata 'yar sanda mai sassaƙen kai, wadda ya riƙe har ƙarshen ransa, yana tafiya da ita duk ƙasar da ya je. Sandar ta San Lazaro ce, wato Li'azaru matalaucin nan mai gyambuna da ke kwance a ƙofar mai arziki, wanda talakawan Kyuba suke girmamawa ƙwarai, ko da yake a wurin da yawansu girmamawar ta gauraye da al'adun gargajiya na Yarbawa da kakanninsu suka zo da su.

Tun yana yaro ya haɗa 'yar ƙungiyar kiɗa da wani ɗan'uwansa suna zuwa gidajen biki. A hankali ya shiga manyan ƙungiyoyi. Daga 1953 ya fara aiki da wani shahararren mawaƙi mai suna Pacho Alonso. A tsakiyar shekarun 1950 ya rera wata waƙa tare da ƙungiyar Chepín wadda ta yi farin jini a duk tsibirin, amma sunan ƙungiya da na mai ita aka sani, nasa bai fito ba. Wannan abu ya daɗe yana ci masa rai. A 1957 ya koma Habana, har ya yi wa Beny Moré amshi, wanda shi ne sarkin mawaƙan Kyuba na zamanin.

A 1959 Fidel Castro ya karɓi mulki. A 1962 Ibrahim ya bi ƙungiyarsu zuwa Turai har ƙasar Rasha. A wannan shekarar ce kuma Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba takunkumin ciniki, sa'an nan a watan Oktoba rikicin makamai masu linzami ya kusa jefa duniya cikin yaƙi. Ƙofar Amurka, wadda ita ce babbar kasuwar mawaƙan Kyuba, ta rufe ke nan.

Ya ci gaba da aiki a ƙungiyar Los Bocucos shekaru masu yawa. An san shi da gwaninta wajen ƙaga baiti a kan kiɗa mai zafi, to amma shi abin da ransa yake so shi ne bolero, shugabannin ƙungiya kuwa suna ce masa muryarsa ba ta dace da shi ba. A 1991 ya yi ritaya ransa a ɓace, yana ganin ya gama da waƙa. Shekarar kuwa ta zo da tsanani, gama a cikinta Tarayyar Sobiyat ta rushe, ita ce kuwa take sayen sukarin Kyuba tana ba ta mai. Abinci ya yi wuya, wuta ta yi wuya, fansho ya zama ba a bakin komai ba. Dalilin da ya sa tsoho ya ɗauki buroshi da man takalmi ke nan.

Baƙin Da Ba Su Zo Ba

Hausawa sun ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. A wancan lokacin, a Landan akwai wani ɗan ƙaramin kamfanin faifai mai suna World Circuit, na wani Bature Nick Gold. Shi ne yake fitar da waƙoƙin Ali Farka Touré na ƙasar Mali, manomin nan na garin Niafunke a bakin kogin Kwara, wanda ya yi faifai tare da wani makaɗin gita na Amurka mai suna Ry Cooder a 1994 har suka ci lambar yabo ta Grammy. Nick Gold ya shirya ya kai makaɗa biyu daga Mali zuwa Habana a watan Maris na 1996, wato Djelimady Tounkara mai gita da Bassekou Kouyaté mai ngoni, wani abin kiɗa ɗan'uwan molo, domin a haɗa su da makaɗan Kyuba a ji yadda kiɗan gida da na waje za su gaisa.

An kama ɗakin ɗaukar waƙa na EGREM, Ry Cooder ya iso, amma takardun tafiyar mutanen Mali ba su kammala ba, ba su zo ba. Maimakon a yi asarar kuɗin ɗaki, sai aka ce a yi da waɗanda ke nan. Wani makaɗi ɗan ƙasar mai suna Juan de Marcos González ya riga ya tattaro tsofaffin gwanaye domin wani aikin dabam, sai ya shiga ƙara nemo wasu. Akwai Compay Segundo mai shekara 88, wanda ya yi shekaru yana naɗin taba sigari. Akwai Rubén González, gwanin fiyano wanda ya haura 75, ciwon gaɓɓai ya kama yatsunsa, kuma ko fiyano babu a gidansa. Akwai Omara Portuondo, mace ɗaya tilo a cikinsu, wadda aka haifa a 1930. Akwai Eliades Ochoa, mutumin karkara mai malafa.

Da aka bukaci murya mai taushi wadda za ta rera bolero, sai Juan de Marcos ya tuna da Ibrahim. Ya je ya same shi, shi kuwa da farko ya nuna ba ya sha'awa, gama ya riga ya fid da rai. Da ƙyar ya biyo shi, ko wanka bai tsaya yi ba. A ɗakin nan ne ya rera Dos Gardenias, irin waƙar da aka yi shekaru ana ce masa ba zai iya ba. Cikin kamar mako guda aka gama aikin duka. Aka sa wa faifan suna Buena Vista Social Club, sunan wani tsohon gidan taro da rawa na baƙaƙen fata a wata unguwar Habana, wanda aka daɗe da rufewa.

Yadda Duniya Ta Karɓe Su

Faifan ya fito a 1997. Ba a yi masa wata babbar talla ba, wanda ya ji ne yake gaya wa wani. A 1998 ya ci lambar Grammy, kuma a ƙarshe an sayar da fiye da kwafi miliyan 8, abin da ba a taɓa gani ba ga faifan kiɗan gargajiya na Kyuba. A watan Afrilu na 1998 aka tara su duka suka yi wasa dare biyu a ɗakin Carré na birnin Amsterdam a ƙasar Holan. Ranar 1 ga Yuli na shekarar suka hau dandalin Carnegie Hall a New York, ɗakin da kowane makaɗi a ƙasashen Turawa yake burin ya taka. Da suka gama, jama'a suka miƙe tsaye, aka miƙo tutar Kyuba kan dandali, a tsakiyar ƙasar da ta yi shekara 36 tana ƙaurace wa ƙasarsu. Ibrahim yana da shekara 71 a daren.

Wani mai shirya fim ɗan Jamus, Wim Wenders, ya ɗauki waɗannan wasanni, ya kuma bi tsofaffin har gidajensu. Fim ɗin ya fito a 1999, har ya shiga takarar lambar Oscar. A cikinsa aka ga Ibrahim da 'yar hularsa, yana nuna ɗan ɗakinsa da sandar mahaifiyarsa, sa'an nan aka gan shi yana yawo a titunan New York yana kallon dogayen gine-gine da mamaki kamar baƙauye ranar farko a birni. Masu kallo suka ƙaunace shi saboda tawali'unsa kamar yadda suka ƙaunaci muryarsa.

A 1999 aka fitar masa da faifai nasa na kansa, da sunansa da hotonsa a jiki, aka sayar da fiye da miliyan guda. Daga nan ya zama shugaban tafiya. Da babbar ƙungiyar makaɗa a bayansa, wani lokaci tare da Rubén González da Omara Portuondo, ya riƙa zagaya ƙasashen Turai da Amurka da Kanada da Japan shekara bayan shekara, ɗakuna suna cika. Yawancin masu sauraronsa ba sa jin Sifaniyanci ko kaɗan. Abin da yake kama su shi ne yadda tsoho yake tsayawa cikin natsuwa ya saki murya ba tare da ihu ba, in kuma kiɗa ya yi zafi ya taka rawa kamar yaro. A shekarar 2000, sa'ad da aka fara ba da lambar Grammy ta mawaƙan Latin, sai aka ba shi ta sabon mawaƙin da ya fi fice. Yana da shekara 73, ya kuma yi shekara 60 yana waƙa.

Afirka ma ta sami rabonta. A Dakar akwai ƙungiyar Orchestra Baobab, wato ƙungiyar kuka, wadda aka kafa a 1970 tana yin kiɗan Kyuba da harsunan Senegal. Ta watse a ƙarshen shekarun 1980 da sabon salo ya ture ta. Ganin abin da ya faru da tsofaffin Habana, Nick Gold ya taimaka aka sake haɗa ta a 2001, kuma a faifansu na 2002 Ibrahim ya yi waƙa tare da su da Youssou N'Dour. Mutanen Malin nan biyu kuwa da ba su sami zuwa ba, sai a 2010 aka cika alkawarin, aka fitar da faifan AfroCubism tare da su da Eliades Ochoa da Toumani Diabaté.

Ba A Rasa Ƙorafi Ba

Kada mai karatu ya ɗauka kowa ya yi murna. Gwamnatin Amurka ta ci Ry Cooder tarar dala 25,000 saboda ya keta dokar takunkumi. A cikin Kyuba kuma matasa da yawa sun ɗauki kiɗan a matsayin na kakanni, su nasu sabon salo ne mai suna timba, irin na ƙungiyar Los Van Van. Wasu masana sun yi ƙorafi cewa Turawa sun zaɓi hoton Kyuba da suke so su gani ne, na tsofaffin motoci da gidaje masu zubewa da tsofaffi masu murmushi, suka kau da kai daga sababbin gwanaye. Wasu kuma sun ce abin kunya ne a ce sai da baƙo ya zo ya ɗaga hannunsu kafin 'yan gida su tuna da su. Kowace daga cikin maganganun nan tana da ƙamshin gaskiya.

Abu mafi ciwo ya faru ne a watan Fabrairu na 2004. Faifansa na biyu, Buenos Hermanos, wato 'yan'uwa na gari, ya shiga takarar Grammy, amma gwamnatin Amurka ta lokacin ta hana shi biza tare da wasu makaɗan Kyuba, bisa wata doka da ta ba shugaban ƙasa ikon hana shigowar waɗanda ake ganin za su cuci ƙasar. Tsoho mai shekara 76 ya shaida wa 'yan jarida cewa shi bai ga abin da ya haɗa shi da ta'addanci ba, shi mawaƙi ne. Faifan ya ci lambar, mai shi yana zaune a Habana.

Abokan tafiyarsa kuma sun fara raguwa. Compay Segundo ya rasu a watan Yuli na 2003 yana da shekara 95, Rubén González ya bi shi a Disamba. Ibrahim bai zauna ba. A tsakiyar 2005 ya fita zagayen Turai da waƙoƙin bolero zalla, burinsa na tun ƙuruciya. Ya komo gida ba shi da lafiya, aka kwantar da shi a asibiti a Habana, ya rasu ranar 6 ga Agusta, 2005, yana da shekara 78. Faifan boleron ya fito a 2007 da sunan Mi Sueño, ma'ana mafarkina. Waɗanda suka rage sun ci gaba da tafiya da sunan ƙungiyar, har suka yi wasa a fadar shugaban Amurka a watan Oktoba na 2015, suka rufe zagayen ban kwana a Habana a 2016. A 2023 hukumar UNESCO ta sa bolero cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta adana, kamar yadda ta sa hawan Sallah na Kano a 2024.

To, Namu Fa?

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen mawaƙan da suka ƙetare iyaka. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, shi ma maraya ne kamar Ibrahim, Sarkin Hausawan Bukuru ne ya riƙe shi. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa, kuma kuntigin nan ya kai shi ƙasashen waje kafin rasuwarsa ranar 20 ga Yuni, 2015. Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda mutanen yankinmu ba za su manta da waƙarsa ta Garban Bichi ba, tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirin dakta a kansa a jami'ar Indiyana ta Amurka, jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Su da irin su Musa Ɗanƙwairo da Barmani Choge sun yi sa'a, gama gidajen rediyon Kaduna da Kano da masu kaset sun ɗauki muryarsu, malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na jami'ar Bayero kuma sun rubuta waƙoƙin da yawa daga cikinsu a littattafai.

Waɗanda suke ba mu tsoro su ne na ƙauye. A da, idan za a yi gayya a gonar wani, sai an kira mai gangar noma, ya bi bayan samari yana kaɗa wa kowa takensa, yana kiran sunan ubansa da kakansa, har a ga kunya ta ƙare ba a sani ba. Mata suna da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno. 'Yan mata suna da na gaɗa a dandali da farin wata. Maƙera da mahauta da maharba kowa da kiɗansa. Yau aikin gona ya koma na ƙodago, injin niƙa ya karɓi aikin dutse, gidan biki kuma an koma hayar lasifika. Ɗan makaɗi yana jin kunyar a kira shi maroƙi, ya gwammace ya tafi birni. Tsohon da ya san take hamsin yana nan zaune, gangarsa tana rataye a ɗaki fata ta bushe. Ibrahim ko ba komai yana da ɗan fansho, nasu kuwa ko wannan babu. Ranar da aka ɗauki irin wannan tsoho zuwa kushewa, ba waƙa kaɗai aka binne ba, har da sunayen manoman da suka sare dajin da muke nomawa da tarihin yadda aka kafa unguwanninmu.

Ba muna cewa kowane tsoho zai je New York ba. Abin da ya sami Ibrahim sa'a ce wadda ba kullum take zuwa ba, kuma da mutanen Mali sun sami bizarsu, wataƙila da ya mutu da buroshi a hannu. Amma a lura da abin da aikin ya ci: mutum guda da ya san inda tsofaffin suke, da ɗaki, da na'urar ɗaukar murya, da kwana bakwai. Na'urar da ta fi ta wancan zamani sauƙi tana cikin aljihun kusan kowane saurayi yau, wato wayar hannu.

Saboda haka ga shawara ga matasanmu da malaman makaranta da ƙungiyoyin mata. Kafin damina ta faɗi, a tambayi dattawan unguwa su wa suka rage cikin masu kiɗa da waƙar da. A je a gaishe su da ladabi, a nemi izninsu, kada a ɗauki muryar mutum a ɓoye. A fara da faɗin sunansa da garinsu da ranar da aka ɗauka, a tambaye shi wanda ya koya masa da lokacin da ake yin kowace waƙa. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a ba iyalinsa nasu. Kada a je hannu rabbana, gama makaɗi da abin da aka ba shi yake ci. In kuma an sa a intanet, a sa da sunansa, in wani abu ya shigo a kai masa rabonsa. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta amince da haƙƙin mai rerawa, amma ko babu doka, mun ji yadda rashin ambaton suna ya ci wa Ibrahim rai shekara arba'in.

In kuwa biki ya tashi a gidanku bayan kaka, a rage wa mai lasifika awa guda a ba tsoho fili ya jiƙa fatar gangarsa. Yara su gani da idonsu, wataƙila a cikinsu a sami wanda zai ce a koya masa. Allah ya ba mu ikon girmama tsofaffinmu tun suna da rai.